Ranar da Na Hana a Yi Mata Allura

Abu ɗaya nake so a ce ban yi ba a rayuwata. Na hana a yi wa 'yata allura, alhali mai allurar yana tsugune a zaurena, maganin kuma yana cikin jakarsa. Da bakina na hana, a gaban mutane, da rana tsaka, ba wanda ya tilasta mini. Yanzu na tsufa, idona ya fara rauni, karatuna kuwa bai wuce firamare ba, amma ina so in rubuta yadda abin ya faru kafin waɗanda suke wanke ni daga laifi su gama wanke ni.

A wani ƙauye nake cikin ƙasar Kara, ta Gwarzo. Noma muka gada. Zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da ake bin layi kafin a sami sabulu da gishiri, asibitin gwamnati ya zama wurin da za ka je a duba ka a rubuta maka sunan magani, a ce ka je ka nemo. Wanda ya yi haka sau biyu ba ya komawa. Sai masu allura suka yi yawa, suna yawo a keke daga wannan kasuwa zuwa waccan, da 'yar akwati a ɗaure a baya. A wannan lokaci ne wana ya kwanta. Idonsa ya koma ruwan ɗorawa, cikinsa ya kumbura, abin da muke kira ciwon shawara. Muka kira masa ɗaya daga cikin masu keken nan, ya soka masa allura a ɗuwawu. Bai daɗe ba ya rasu. A wurin zaman makoki tsofaffi suka yi ta girgiza kai, suna cewa ai kowa ya san mai shawara ba a yi masa allura, kashe shi take yi. Ni ne na je na kira mai keken. Wannan ya zauna mini a rai.

Akwai wani dattijo a gefen garinmu, daga cikin Fulanin da suka bar yawo suka kama noma. Ganin halin da na shiga, ya ja ni daji ya nuna mini saiwar rawaya, ya koya mini yadda ake shanya ta a daka, a haɗa da tsamiya da 'yar jar kanwa. Ya ce mai ciwon ya bar mai da nama, ya sha rake, kuma ko da wasa kada ƙarfe ya taɓa jikinsa. Na riƙe wannan kamar karatun allo. Na fara ba maƙwabta, wasu suka warke, labari ya bazu. Kafin a jima ana zuwa mini daga Garo, daga Kabo, har daga ƙauyukan Katsina. Ana zuwa sai in ja fatar idon mutum ƙasa da yatsa, in duba, in ce shawara ce, in kafa masa doka. Wanda ya warke yakan dawo da kaza ko damin dawa. Wanda bai warke ba kuwa ba ya dawowa, ni ma ban taɓa bin sawunsa ba. Ni da ba a kula ni a majalisa, sai ga shi ana matsa mini a kan tabarma ana cewa Malam ya iso. Na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata.

Yarinyar da nake magana a kanta ita ce 'yar farina. A wurinmu uba ba ya sakewa da ɗan fari, uwa ma haka. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ka kau da kai wani ya ɗaga shi. Tun da aka yaye ta mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma tare da ƙannena mata. Abin da ta ji suna kirana shi ta riƙe, Yaya take ce mini. In na dawo daga gona ita ke kawo mini ruwa, ta ajiye ta juya, ni kuma in sha ina kallon wani wuri. Ina sonta ƙwarai. Na san takunta a cikin na sauran yaran gidan. Amma da za a ce in faɗi yadda fuskarta take dalla-dalla a lokacin, da sai na yi tunani. Da ta isa aure ta auri wani tela a Kabo, yaro mai ladabi, wanda tun daga bakin hanya yake cire takalmi in zai gaishe ni.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ta sami ciki. Wannan shekara kowa jininsa a sama yake. Mun shiga mota mun je birni mun yi kabbara har murya ta dushe, muka dawo muna jin an wanke ƙasa. A majalisa kuma ba a rabuwa da zancen gwajin magani da aka ce an taɓa yi a kan yara a birni shekarar sanƙarau. Kalmar bincike kanta ta zama abin tsoro, in aka ce likitoci sun bincika sun gano kaza, sai wani ya ce a kan 'ya'yan wa suka bincika. Ni ina cikin masu ɗaga murya, don duk abin da ya rage wa asibiti daraja ni yake ƙara wa.

Da cikin ya tsufa aka kawo ta gida goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Gero ya fara fitar da kai, kududdufin bayan gidanmu ya cika ya batse, sauro kuwa ko da rana ba ya barin mutum in ya shiga ɗaki. Ba mu da gidan sauro, hayaƙin ganye muke yi. Zazzaɓi ya kama ta. Uwarta ta aika kemis aka sayo kulorokwin, ta sha, ya lafa, ya dawo da ƙarfinsa. Uwar ba ta iya ce mini 'yarmu ba lafiya ba, sai ta ce baƙuwar Inna ba ta jin daɗi. Na ce Allah ya sawwaƙe, na ɗauki fartanya na fita. Bayan 'yan kwanaki mahaifiyata ta tare ni a tsakar gida ta ce idon yarinyar ya sauya, fitsarinta kuma ya yi duhu kamar shayi ba madara, ba abin da ke zama a cikinta. Kunya nake ji in rubuta wannan, amma da na ji haka hankalina kwanciya ya yi. Na ce a raina ciwon ya zo gidan maganinsa. Ban shiga na duba idon ba, ni da nake duba na baƙi. Na ɗebo saiwa mafi kyau na ba uwarta ta daka.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci mijinta ya zo a babur, ya goyo wani abokinsa malamin asibiti da ke aiki a wajen Kabo. A zaure suka same ni tare da maƙwabtana biyu, dukansu sun taɓa shan maganina. Aka gaisa, aka tambayi gida da damina da mai jiki, aka sake gaisawa. Mahaifiyata ta leƙo ta ga mijin, ta ce ga angon nata ya zo hannu biyu ko tsire babu, in ya sake haka za ta kai shi gaban alƙali tunda yanzu Shari'a ake yi. Aka yi dariya. Ita ce ta shiga da malamin asibitin ciki. Mijin ya zauna a bakin ƙofa kansa a ƙasa.

Da malamin ya fito ba dariya a fuskarsa. Ya tsuguna ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani. Ya ce ƙwayar cutar tana shiga jini ta farfasa shi, shi ya sa idon ya yi haka, kuma masu binciken wannan ciwo sun gano mai cikin fari ta fi sauran mata shiga haɗari, ita da abin da ke cikinta. Ya ce kulorokwin ya fara gazawa, ƙwayar ta saba da shi. Yana da kwinin a jaka, zai yi mata allura ɗaya ta riƙe ta, sa'an nan a kai ta babban asibiti a Gwarzo a auna jininta a sa mata ruwa, yau ba gobe ba.

Na tambaye shi ko ya duba idonta da kyau. Ya ce ya duba. Na ce to me ya gani.

Ya ce, "Baba, ni ma da ruwan rawaya aka raine ni, har yanzu in na tuna ɗacinsa sai na tofar da yawu. Ban raina maganinka ba. Amma ido kala ɗaya ne, ciwon da ke kawo shi ba ɗaya ba ne."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya yi tsaki, ya ce yaran yanzu daga sun sa farar riga sai su koya wa kaza tono. Ɗayan ya ce shi da aka kawo shi nan a kan jaki, da allura aka yi masa da yanzu ciyawa ta rufe shi. Dukansu suka juyo suna kallona. A wannan kallo na yanke hukunci, ba a kan yarinyar ba. Shekara da shekaru ina hana 'ya'yan mutane allura, in na bari aka yi wa tawa, da wane baki zan sake magana? Ga kuma abin da za a ce, wai wane ya ruɗe a kan 'yar fari har ya manta da kansa.

Na ce ba za a yi ba. Na ba shi labarin wana. Ya ce Allah ya ji ƙansa, amma wannan daban. Da na ga zai fi ni hujja sai na ɓuya a bayan addini. Na ce a zamanin da ake gyara ƙasa ba za a kwaye wa matar aure jiki a gaban namijin da ba muharraminta ba a cikin gidana. Ya ce Inna ta riƙe ta ta rufe ta, wurin da allura za ta shiga kaɗai yake bukata, in kuma wannan ne matsalar akwai ma'aikata mata a Gwarzo, a tafi yanzu. Ya ce Shari'a ba ta hana neman magani ba, a tambayi liman. Na san gaskiya ya faɗa. Na ce ba yaro ne zai koya mini addini a zaurena ba.

Ya juya wajen abokinsa ya ce, "Kai ne mijinta. Ka yi magana mana."

Mijin yana ta zane a ƙasa da tsinke. Daga ƙarshe ya ce duk abin da Baba ya gani shi ne daidai. Muryarsa tana rawa, na ji, na yi kamar ban ji ba. Har na yaba masa a raina, na ce yaro mai tarbiyya.

Ana cikin haka mahaifiyata ta dawo ta ce yarinyar tana kirana. Ba ta taɓa aikowa a kira ni ba tun da aka haife ta. Na tashi na shiga, na tsaya a bakin ƙofar ɗakin, asabari a tsakaninmu. Ina jin numfashinta. Na yi gyaran murya don ta san na zo.

Ta ce, "Yaya, ka bari ya yi mini. Tun safe ban ji ya motsa ba."

Mace mai cikin fari ba ta ambaton cikinta ko a gaban uwarta, balle uba. Tsoron da ya sa ta faɗi wannan a gabana ba ƙarami ba ne, kuma ya kamata in gane. Ni kuwa kunya ce ta rufe ni, har na ji haushin ta faɗa, ga uwarta a tsaye a bakin murhu tana ji. Na ce mata ta daure ta sha abin da aka dafa mata, za ta ji sauƙi. Ban ɗaga asabarin ba. Na koma zaure na ce wa malamin asibitin mun gode.

Ya rataya jakarsa. Ya ce ba shi da ikon shiga gidan mutum da ƙarfi, amma in ta fara surutai ko jijjiga kada a tsaya neman kowa, a nemi mota. Maƙwabtana suka raka shi da dariya, ɗaya yana ce masa ya gaida Turawa.

Abin da ya faɗa shi ya faru. Ta daina gane mutane, tana kiran ƙannena da suka yi aure tuni su zo su tafi ɗiban ruwa. Da jijjiga ta fara, ina gindin bishiya a ƙofar gida ina ba wani baƙo magani. Sai na ga matata, uwar yarinyar, ta fito da mayafi ta wuce ni. Tun da na aure ta ba ta taɓa fita ba tare da ta tambaye ni ba. Da ƙafa ta je bakin titi ta tsayar da a-kori-kura mai ɗaukar kayan gwari. Mata suka ɗauko yarinyar a tabarma. Ban hana ba, ban kuma sa hannu ba. Da motar ta tashi na bi su a keke.

A asibiti ba su ɓata lokaci ba, suka ɗebi jini, suka ɗaura mata ruwa da magani a ciki. Wata ma'aikaciya ta tambayi yaushe idon ya sauya, me ya sa aka zauna da ita har haka. Matata ta juyo ta dube ni. Ɗan ya zo ba rai, namiji ne. Ita kuma ta kai washegari. Wajen la'asar aka ce in shigo. A nan na tsaya na dubi fuskarta sosai, na ga ashe tana da ɗan tabo a gefen gira, ban san ranar da ta same shi ba. Na kira sunanta da bakina, karo na farko. Ta riga ta yi nisa.

Da a nan laifina ya tsaya, da wataƙila ban rubuta komai ba. A wurin zaman makoki mutane suka yi ta cewa kwananta ne ya ƙare, wannan kuma gaskiya ne. Amma sai wani ya ce ai tana gida tana shan maganin Malam tana numfashi, ana kai ta aka soka mata ƙarfe ta tafi. Wani ya karɓa ya ce mata ne da gaggawa. Magana ta zagaya tabarma, ta koma cikin gida, ta isa kunnen matata. Ina zaune ina jan carbi, na ji duka, kuma na gyaɗa kai. Na bar uwar da ta fita neman ceton 'yarta ta ɗauki laifin. Mutuwar 'yata ta zama hujjar da ake kawowa a ƙauyukanmu cewa mai shawara ba ya son allura. Masu zuwa wurina suka ƙaru. Na ci gaba da ba da magani shekaru bayan haka, ina kafa dokar nan da murya mai ƙarfi fiye da da, don in na sassauta sai na fuskanci abin da na yi.

Matata ba ta taɓa yi mini gori ba. Abinci ba ya makara, ruwan wanka ba ya yankewa. Saiwar ce kawai ba ta sake dakawa ba. In na ajiye mata sai in dawo in same ta inda na bar ta, har na koma dakawa da kaina a zaure.

A hankali duniya ta yi ta ƙaryata ni. Aka daina ba da kulorokwin, aka ce bincike ya tabbatar ba ya kashe ƙwayar, aka kawo sabon magani. Aka fara raba gidan sauro mai magani. Matan da ke zuwa awo aka riƙa ba su ƙwayoyin rigakafi tun ciki yana ƙarami. Har kemis na garinmu ya sami ɗan abin da ake ɗiga jinin yatsa a kai, kafin ka gama gaisawa ya nuna ko zazzaɓin sauro ne. Wata rana da hantsi ina gyaran igiya na ji wani likita a rediyo, wanda aka ce aikinsa ke nan binciken wannan ciwo, yana bayanin mai ciki da idonta ya sauya. Kamar yana zaurena ran Juma'ar nan. Na kashe rediyon, na sake kunnawa.

Ranar kasuwa na je Kabo na nemi malamin asibitin nan. Furfura ta fito masa. Ya gane ni, ya ba ni kujera, ya ce Baba har yanzu ana ba da ruwan ɗacin nan? Ban iya dariya ba. Na tambaye shi da na bari ran nan, da ta tashi? Ya ce rai na Allah ne, ba zai rantse mini ba, amma ya ga waɗanda suka fi ta jin jiki sun tashi sun goya 'ya'yansu. Na tambaye shi wana fa. Ya ce bai gan shi ba, amma yadda na kwatanta ya fi kama da ciwon hanta da ya riga ya ci jiki, da allura da babu duk ɗaya ne. Ya ce irin na hanta da yawa yana warkewa da kansa in mutum ya huta, wataƙila masu irinsa ne suke kawo mini kaji. Na sauro kuwa in ya kai ga ido ba ya jira, kuma ba mai rarrabe su da yatsa da kallo, sai an auna jini.

Da na dawo na sami matata tana tsince wake. Na zauna nesa da ita na ce ni ne na yi kuskure a kan yarinyar nan, ba ita ba. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Ni ka gaya wa? Ai ni na sani. A tabarma aka faɗa, can za ka je ka gyara."

Na je. Bayan sallar Juma'a na miƙe na faɗa a gaban jama'a, na ce na daina ba da magani, duk wanda idonsa ya sauya ya tafi asibiti. Ban sami abin da nake tsammani ba. Wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa ni. Wasu suka ce rowa ce, ina so in mutu da sani. Liman ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka shafa, aka watse. Yanzu wani ne a ƙauyen gaba yake ba da saiwar, da dokar da ya koya a bakina, kuma in zai tsorata mutane labarin 'yata yake ba su. Waɗanda suka zo wurina ba su dawo ba, ban san nawa ne a cikinsu irin nata ba, ba kuma wanda zan tambaya. Mijinta ya yi wani aure ya haifi 'ya'ya, amma duk sallah sai ya zo, ya cire takalmi tun daga bakin hanya ya tsuguna a gabana. Na roƙe shi ya daina. Ya ce ai ni ubansa ne.

Wanda duk wannan ya isa hannunsa, ina roƙonsa don Allah kada ya yi abin da na yi. In zazzaɓi ya kama naka, musamman mai ciki, a auna jini tun ranar, in ido ya sauya kuwa kada a kwana a gida, ko wane dattijo ne ya ce a dakata. In kai ne mijin, ka buɗe baki ko a gaban surukinka ne. Kada ka jira ka tsufa ka zo kana ba da labari irin nawa, ba wanda zai amfana da shi a cikin waɗanda ka binne.